Kwantena tana tashi amma foldar littattafai babu komai, don Allah masu Linux ku duba min

dan_Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wata 'yar cibiyar kwamfuta a wani ƙauye can bayan Ringim, yara 'yan sakandare ke zuwa suna koyon jarrabawar kwamfuta, muna da laburare wanda baya buƙatar intanet, Kiwix ne da tsofaffin tambayoyi da bidiyon darussa. Sabar tsohuwar kwamfutar tebur ce da Proxmox a kanta, wato manhajar da ke tada ƙananan Linux da ake kira kwantena a cikin babbar na'ura (uwar saba), laburaren yana cikin kwantena mai lamba 101, kayan kuma suna kan wani faifan waje na USB mai 2TB da aka ɗora a /mnt/laburare a kan uwar sabar, sai aka miƙa shi cikin kwantena a /data. To matsalar ita ce idan aka kashe aka kunna, musamman da safe, kwantena zata tashi lafiya lau amma /data wayam babu ko fayil ɗaya. In na yi df -h a ciki sai ya nuna min /data girmansa bai kai 100G ba kuma sunan da ke gabansa /dev/mapper/pve-root, amma in na yi cat /etc/mtab sai ya ce /dev/sdb1 ne a /data. Wanne zan yarda dashi kenan? Abin mamaki in na yi pct reboot 101 sai komai ya dawo kamar ba a yi ba. Ni ba kullum nake wurin ba, malamar da ke buɗe ɗakin bata iya shiga tamina (allon rubuta umarni) ba, yara su zo tun daga nesa a keke su zauna babu abin karantawa, wannan shi yafi damuna wlh.

sarkin_waya:
Wslm. Oga kayi fomat ka sake insitol kawai, wani lokacin bin diddigi bata lokaci ne

Inj_Kazaure:
A'a sarkin_waya, kar ya taɓa fomat, ko ya sake ɗorawa sau goma haka zata sake yi masa don ba lalacewa ba ce. dan_Ringim turo mana abu uku: layin faifan a /etc/fstab na uwar saba, abin da pct config 101 ya fitar, sai kuma ls -l /etc/mtab a cikin kwantena. Kuma ranar da ta sake yi kar ka yi ristat tukuna, ka fara yin findmnt /mnt/laburare a uwar saba ka ga ko faifan yana nan.

dan_Ringim:
Na gode Injiniya. Ga su:
fstab: /dev/sdb1 /mnt/laburare ext4 defaults,nofail 0 2
config: mp0: /mnt/laburare,mp=/data da kuma onboot: 1
mtab kuma ya nuna -rw-r--r-- ne, kwanan watan da ke jikinsa tun na bara. Kwantenar ba ni na haɗa ta ba, wani kofa ne da ya yi bautar ƙasa a nan, ƙaramin Linux ne babu systemd (manhajar da ke tsara tashin na'ura) a ciki. Kuma eh yau da safe ta yi, na duba findmnt a uwar saba faifan yana nan a ɗore daram, a ciki ne kawai babu.

Baba_Linux:
To ai ga amsar tambayarka ta farko nan a fili ɗana. Wancan -rw da ka gani a farkon layi yana nufin mtab ɗinka fayil ne na gama-gari, da linki ne da harafin l zai fara kuma ka ga kibiya tana nuna ../proc/self/mounts. Wurare uku ne mutane ke cakuɗawa. fstab kamar rajistar aji ce, sunayen waɗanda ya kamata su zo. /proc/self/mounts su ne yaran da ke zaune a benci yanzu-yanzu, kanel, wato zuciyar Linux, ne da kansa yake faɗa, baya ƙari baya ragi. Shi kuwa mtab naka takardar da monita ya rubuta ce tun bara aka manta da ita a aljihun tebur. A da can umarnin mount shi ke rubuta mtab duk lokacin da aka ɗora ko aka sauke wani abu, to in aka ɗora daga waje, kamar yadda uwar saba ke yi wa kwantena, babu wanda zai rubuta. Shi yasa aka daina, Debian tun fitowa ta 7 a 2013 ta mayar dashi linki, CentOS 6 fayil ne amma CentOS 7 linki ne. Ina kyautata zaton kofan naku ya tarar babu mtab ɗin gaba ɗaya, wani abu ya yi masa kuka, sai ya yi cat /proc/mounts > /etc/mtab kamar yadda ake yawan ba da shawara a intanet, hoton wannan ranar ce ta daskare har yau. Gyaran layi ɗaya ne a cikin kwantena:
ln -sf ../proc/self/mounts /etc/mtab
Don haka df ne mai gaskiya.

YaroMaiKoyo:
Baba don Allah a yi haƙuri da ni sabon shiga ne, to shi df daga ina yake samo nasa bayanin tunda ba mtab yake karantawa ba?

Baba_Linux:
Tambaya mai kyau. Na zamanin nan suna zuwa /proc kai tsaye, akwai /proc/self/mountinfo wanda ya shigo kanel tun 2.6.26 a 2008, yafi mounts bayani don har yana nuna maka wace folda ce daga cikin faifan aka miƙo. findmnt ma can yake karantawa. Tsofaffin df kuwa mtab suke bi, shi yasa a tsohuwar na'ura in babu shi zaka ga df ya ce cannot read table of mounted file systems ya tsaya.

dan_Ringim:
Allah ya ƙara girma Baba. Yanzu na gane wani abu, akwai wani ɗan sikirif da kofan ya bari wanda yake yin grep /data /etc/mtab kafin ya tada kiwix-serve, wai in faifan baya nan kar ya tashi. Kenan kullum amsar eh yake samu. Na gyara linkin yanzu, ina ganin shi kenan ko?

Inj_Kazaure:
Ba shi kenan ba ɗan uwa, nan ne ma mutane da yawa ke tsayawa su ɗauka sun gama. Abin da Baba ya faɗa daidai ne amma mtab ba shi ya kwashe maka littattafai ba, shi dai ya ɓoye maka ne. Ko da linkin ya gyaru sikirif ɗin nan zai ci gaba da cewa eh, saboda /data a ɗore yake da gaske, abin da aka ɗora ne ba shi ba. Ka duba da kyau abin da df ya gaya maka, pve-root, wato faifan cikin uwar saba. Ga yadda abin yake faruwa. Kalmar nofail da ke fstab ɗinka ba wai kawai tana cewa kar a tsaya in faifan baya nan ba, a systemd tana kuma cire jiran, wato local-fs.target baya jiran a gama ɗora wannan faifan, tashi yaci gaba abinsa. Faifan USB kuwa yana da nawa, sai ya juya ya ɗau gudu kanel ya gan shi. Kafin nan pve-guests.service, mai tada kwantenoni a Proxmox, ya riga ya tada kwantena 101, ya ɗauki /mnt/laburare a yadda ya same ta, folda ce fanko a kan pve-root, ya miƙa ta ciki a matsayin /data. Bayan 'yan daƙiƙu faifan ya iso aka ɗora shi a uwar saba, amma kwantena tana da nata teburin ɗore-ɗore daban, abin da ake kira mount namespace, yana kanel tun 2.4.19 a 2002, abin da aka ɗora a waje bayan ta tashi ba dole ya ratso ciki ba. Shi yasa kai kana ganinsa a waje ita bata gani, shi yasa kuma pct reboot yake gyarawa don a karo na biyu faifan ya riga ta zuwa. In kana son ka tabbatar yi journalctl -b a uwar saba ka nemi lokacin da aka ce Mounted /mnt/laburare da lokacin da aka tada 101 ka gwada su.

Ummu_Hafsa:
Wannan bayani na Injiniya shi ne, irinsa ya taɓa samunmu a wani ƙaramin asibiti da nake taimaka musu da rijistar marasa lafiya a wajen Dambatta, mu namu ma yafi muni don ba karantawa kawai ake ba rubutawa ake. Bakof na dare yana ta zuba a foldar fanko har faifan uwar saba ya cika maƙil, da safe komai ya tsaya cak, kuma in ka yi du baka ganin abin da ya cinye wurin saboda faifan gaskiya ya hau kan foldar ya rufe su. dan_Ringim malamanku suna loda kaya a /data? In suna yi to akwai fayilolin da suka maƙale a ƙasa. Yi haka a uwar saba:
mkdir /mnt/duba
mount --bind / /mnt/duba
ls -la /mnt/duba/mnt/laburare
Zai nuna maka abin da ke ƙarƙashin faifan ba tare da ka sauke shi ba. In ka kwashe sai ka yi umount /mnt/duba.

dan_Ringim:
Innalillahi, Malama wlh suna nan. Tambayoyin gwaji na lissafi da malamin lissafi ya rantse ya loda muka neme su sama ko ƙasa muka rasa har ya sake bugawa da hannu, ga su nan, da wasu bidiyo guda biyu. Allah ya saka miki da alheri ya raya zuri'a. Na kuma duba journalctl kamar yadda Injiniya ya ce, kwantena ta riga faifan tashi, tazarar ba ta da yawa amma ta riga shi.

mai_sola_Gumel:
Ni tambayata daban ce. Faifan nan naka babba ne mai adafta ko ƙarami mai shan wuta daga USB? In mai adaftar 12V ne ina aka soka adaftar? Don na sha zuwa gyara in tarar saba tana kan inbata amma faifai da rauta suna soket ɗin bango, ko suna kan wata doguwar waya mai makunni da ake kashewa da yamma a kunna da safe.

dan_Ringim:
Mai adafta ne, kuma gaskiyarka yana kan doguwar wayar da firinta take. Malama in ta zo takan fara danna sabar sannan ta zagaya bayan tebur ta kunna makunnin wayar, har sai ka ji faifan ya yi ɗan ƙara fitilarsa shuɗiya ta fara ƙiftawa.

mai_sola_Gumel:
To ai ka ga abinka. Ba sai an taɓa fstab ba ma, mayar da adaftar kan inbata tare da saba su riƙa tashi tare. Kuma don Allah ku daina haɗa firintar leza da kayan saba a waya ɗaya, lokacin da take ɗumama kanta tana fizgar wuta sosai, ƙaramin inbata sai ya yi ƙara ya ɗauke. Batir nawa gareku kuma fanel nawa? Yanzu da hunturu ya shigo in ba a goge ƙurar fanel batir baya cika, ƙarfe huɗu na asuba ya mutu, saba ta faɗi ba a kashe ta da kyau ba, wannan ma wata hanyar lalata faifai ce.

sarkin_waya:
Gsky maganar goge fanel gaskiya ce, namu a shago sai da muka sa yaro yana gogewa duk safiya. Mai sola nawa batir lithium yake yanzu a Kano?

mai_sola_Gumel:
Farashi kullum canzawa yake, ka same ni ta akwati mu yi magana kar mu karkatar da zancen bawan Allah.

Inj_Kazaure:
Mai sola shawararka tana da kyau a yi ta, amma ban yarda da cewa ba sai an taɓa fstab ba. Ko tare suka samu wuta tsere ne har yanzu, yau faifai ya riga gobe kwantena ta riga, kuma ranar da kebul ɗin USB ya saki fa? Dole a gaya wa systemd tsarin da ake so. Na farko cire /dev/sdb1 ɗin nan, sunan sdb ba na kowa ba ne, duk wanda kanel ya fara gani shi ke ɗauka, ranar da wani ya manta filashi a jikin saba filashin zai iya zama sdb faifanka ya koma sdc. Yi blkid ka kwafi UUID, wato lambar shaidar faifan wadda bata canzawa in an sake kunnawa. Sai layin ya zama kamar haka:
UUID=naka /mnt/laburare ext4 defaults,nofail,x-systemd.before=pve-guests.service,x-systemd.device-timeout=120 0 2
Sannan systemctl daemon-reload, sannan findmnt --verify ya duba maka ko akwai kuskuren rubutu kafin ka kashe. Da wannan baƙin, wato kwantenoni da sauran na'urorin da ke cikin uwar saba, zasu jira faifan har minti biyu, in ya zo a ɗora su tashi, in bai zo ba su tashi ba shi, uwar saba kuma bazata faɗa emergency mode ba tunda nofail yana nan.

abu_fatima88:
Ni a ganina a cire nofail ɗin kawai a huta, in babu faifai saba ta tsaya kowa ya san akwai matsala.

Ummu_Hafsa:
Haba Malam, a ƙauyen da mai gyara sai ya hau mashin ya zo? In ka cire nofail kuma faifan bai zo ba zata jira daƙiƙa 90 tana rubuta A start job is running, daga nan ta faɗa emergency mode tana neman kalmar sirrin root, netwok bai tashi ba balle a shigo daga nesa, sai an kawo sikirin da kibod an jona. Malamar da aka ce bata iya tamina ba me zata yi da wannan baƙin allon? A ɗakin saba na birni mai ma'aikaci dare da rana na yarda, a nan kam a'a.

abu_fatima88:
Na ji wannan Hajiya, amma ki duba ɗaya gefen, a tsarin Injiniya in faifan bai zo ba bayan minti biyu kwantena zata tashi da foldar fanko, mun koma gidan jiya kenan, malamin lissafi ya sake loda kaya a ƙasa. Ni abin da nake gudu shi ne na'ura ta yi kamar lafiya alhali ba lafiya ba.

Baba_Linux:
Ku biyun duk kuna da gaskiya kuma akwai hanyar da ta haɗa ku. Kar a miƙa wa kwantena bakin faifan, a miƙa mata folda ta ciki. A buɗe folda a kan faifan a ce mata kaya, a zuba komai a ciki, sai config ya koma mp0: /mnt/laburare/kaya,mp=/data. In faifan baya nan to babu wata folda mai suna kaya, Proxmox zai ƙi tada 101 ya ce foldar bata nan, amma uwar saba da sauran baƙi su tashi lafiya, kana iya shigowa daga nesa ka gani. Ƙari a kan haka, ka tsayar da kwantena ka sauke faifan ka yi chattr +i /mnt/laburare a kan foldar fanko, daga nan ko root bazai iya rubuta komai a cikinta ba amma ɗora faifai a kanta yana yiwuwa kamar da. Na daɗe ina amfani da wannan bai taɓa bani kunya ba.

Malam_Hadejia:
Sallama jama'a, na biyo zancen tun daga sama. Nawa ba kwantena ba ce cikakkiyar na'urar KVM ce, wato kwamfutar kwaikwayo mai kanel nata a cikin saba, amma ciwon ɗaya ne. Na ɗauko Ubuntu daga VirtualBox na laftof na mayar kan saba, da na zaɓi virtio sai faifan da yake sdb ya koma vdb, fstab kuma yana neman /dev/sdb1, ta yi jiran minti ɗaya da rabi ta faɗa emergency. Abin da ya ƙara ɗaure min kai na buɗe fstab zan gyara aka ce read-only file system, sai da na yi mount -o remount,rw / sannan ya karɓi gyara. Na faɗa ne don wanda zai faɗa irin ramin. Bambancin da na lura shi ne a KVM fstab na cikin baƙo yana aiki sosai don yana da kanel nasa, amma a kwantena sau da yawa zaka buɗe fstab ka tarar babu komai, ba kuskure ba ne, uwar saba ce ke ɗora mata komai kafin ta farka.

YaroMaiKoyo:
Malam_Hadejia to in aka bani saba ban san ko wace iri ba ce ya zan gane? Akwai wata VPS, wato sabar haya a intanet, da wani yayana ya bar min ina koyo a kai, df yana nuna wani abu /dev/ploop da lambobi a bayansa, na sa layi a fstab bai yi komai ba.

Malam_Hadejia:
Buga systemd-detect-virt zai gaya maka, kvm ko lxc ko openvz. Amma tunda ka ce ploop to OpenVZ ce, kwantena ce, kanel na masu sabar kake amfani dashi. Tsofaffinsu ma /dev/simfs suke nunawa. Proxmox da kansa OpenVZ yake amfani da ita kafin fitowa ta 4.0 a 2015 da suka koma LXC.

Baba_Linux:
Kun tuna min da Linux-VServer, kafin duk waɗannan su yi tashe. A can in ka shiga baƙo ka yi df zaka ga /dev/hdv1 a matsayin tushe, alhali babu wani faifai mai wannan suna a duniya, kayan aikin uwar saba ne ke rubuta wa baƙo mtab ɗinsa a lokacin tashi, fstab na gaskiya kuma yana waje a /etc/vservers ƙarƙashin sunan baƙon. Mutum ya kwana yana gyara fstab na ciki babu abin da ya motsa. Abin da nake so yaran nan su riƙe shi ne in bayanin ciki ya rikice ka fita waje ka tambayi uwar saba, ita ta san abin da ta miƙa.

sarkin_waya:
Ni dai duk wannan wahalar shi yasa nake cewa Windows tafi sauki, ka soka faifai ya fito

Ummu_Hafsa:
sarkin_waya ai ko can harafin faifai yana canzawa, yau E gobe F in an soka filashi, manhajar da ke neman E ta rasa. Kuma tsohuwar kwamfutar da dan_Ringim yake magana ita kaɗai take ɗauke da laburare da gwajin jarrabawa, ba kuɗin lasisi, a bar shi a inda yake. dan_Ringim kar ka manta da sikirif ɗin kofa, grep ɗin nan bashi da amfani ko da linki. Ka ajiye wani ɗan fayil a cikin faifan, misali .faifai_na_nan, sikirif ya riƙa duba shi da test -f /data/.faifai_na_nan, in babu kar ya tada Kiwix. Ko mountpoint -q /data ma eh zai ce maka a cikin kwantena saboda dalilin da Injiniya ya faɗa.

Inj_Kazaure:
Haka ne. Wani abu kuma ga masu karantawa daga baya, in faifan naka ka yi masa rijista ne a Proxmox a matsayin ma'ajiya irin ta folda, inda ake zuba bakof ko faifan baƙi, akwai zaɓin is_mountpoint, pvesm set sunanta --is_mountpoint yes, shi ke hana Proxmox amfani da wurin in ba a ɗora komai ba. Amma wannan bai shafi mp0 irin na dan_Ringim ba tunda shi hanya ya rubuta kai tsaye, kar a haɗa su. Akwai kuma masu sa jinkirin tashi a startup su ce ya isa, ni bana so, ƙiyasi ne kawai, ranar da faifan ya tsaya yin fsck, wato binciken lafiyar faifai, bayan ɗaukewar wuta zai wuce lokacin da ka ƙiyasta.

mai_sola_Gumel:
Shi yasa na ce a fara da wuta Injiniya, in batir yana kaiwa safiya ina fsck zai fito. Kowa dai da inda yake kallo.

dan_Ringim:
Jama'a Allah ya biya ku. Ga inda nake. Adafta ta koma kan inbata, firinta ita kaɗai a wayarta. Na sa UUID da layin Injiniya, findmnt --verify bai yi ƙorafi ba, na yi chattr, na gyara sikirif yadda Malama Ummu_Hafsa ta ce. Na kashe gaba ɗaya na kunna, df a ciki ya nuna /data 1.8T, littattafai suna nan. Na kuma zare kebul ɗin faifan da gangan na kunna, ta yi jiranta ta tashi, /data fanko amma Kiwix bai tashi ba kuma na gwada touch a ciki ya ƙi. Abin da ban yi ba shi ne shawarar Baba ta foldar kaya, dalili kuwa manhajar gwajin jarrabawa ma a cikin 101 take kuma ita bata buƙatar faifan waje, in kwantena ta ƙi tashi gaba ɗaya yara sun rasa biyu kenan maimakon ɗaya, ga rijistar JAMB tana matsowa.

abu_fatima88:
To ka raba su mana, gwaji a kwantena ɗaya laburare a wata, sai ka yi wa ta laburare yadda Baba ya ce. Ni har yanzu ban gamsu da kwantena ta tashi rabi-rabi ba.

Ummu_Hafsa:
Rabawa tana da kyau in memori zai ɗauka, amma ba yanzu ba ana tsakiyar shiri, a bari a yi hutu. Abin da yafi gaggawa a wurina shi ne malamar ta san me ke faruwa ba tare da tamina ba, ko ɗan shafi ne ya fito ya ce faifan laburare baya nan a duba kebul da adafta. Kuma 2TB ɗin nan yana da kwafi a wani wuri kuwa?

dan_Ringim:
Kwafi kam na littattafan da muka sauko dasu akwai a wurin wani abokina a Dutse, amma abin da malamai suka loda babu, zan fara da wannan. Memorin 8GB ne abu_fatima88, free -h a uwar saba yana nuna kusan rabi a sake, kana ganin zai ɗauki kwantena ta biyu?

abu_fatima88:
Zai ɗauka, Kiwix baya cin komai. Amma turo pct config 101 gaba ɗayansa mu ga nawa aka ware mata da kuma ko unprivileged ce, wato wadda root nata bashi da ikon root a uwar saba, don in sabuwar da zaka buɗe unprivileged ce fayilolin /data zasu fito da nobody a matsayin mai su sai an daidaita lambobin, root na ciki 100000 ne a waje.

YaroMaiKoyo:
Malam_Hadejia na buga, openvz ya ce. To kenan in ina son ƙarin faifai a ciki sai dai in yi wa masu sabar magana? Kuma ls -l /etc/mtab nawa ya nuna kibiya zuwa /proc/mounts ba ../proc/self/mounts ba, shima sai na gyara?

Malam_Hadejia:
Eh su zaka yi wa magana, daga ciki baka da iko. Linkin kuma ka bar shi, /proc/mounts shi kansa linki ne zuwa self/mounts, wuri ɗaya suke zuwa. Amma cire layin da ka sa a fstab, kuma turo mana shi mu ga me kake ƙoƙarin ɗorawa tun farko.